Jan Tsumman da Ke Cikin Motar Maigidana

Assalamu alaikum Edita, da ku masu karanta wannan shafi. Ni ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba, iyakacina surorin da nake sallah da su. Surukata ce ke riƙe da biro, ni nake faɗa, kuma na gargaɗe ta kada ta sassauta mini ko kalma ɗaya, ko da maganar ta taɓa mijinta. Za kuwa ta taɓa shi.

A shekarun da aka ƙaddamar da shari'a a jiharmu, na ba hamsin baya, ban daɗe da fita takabar maigidana ba. Sana'ata man gyaɗa da ƙuli-ƙuli a cikin garin Daura, kuma duk wanda ya taɓa cin ƙuli mai yaji a unguwarmu ya san hannuna. Ban taɓa tsayawa ƙofar kowa ina sunkuyar da kai ba. Mutane suna cewa ina da girman kai, ni kuwa ban taɓa musa musu ba. Abu biyu ya kamata ku sani game da ni kafin labarin ya shiga kunnenku daidai. Na farko, mahaifiyata 'yar bori ce. Ba na ɓoyewa. Na tashi ina jin garaya a tsakar gidanmu. Ta tuba tun kafin a yi mini aure, ta rasu da carbi a hannunta, amma mutanen gari Allah Ya ba su riƙo, abin da Ubangiji Ya yafe su ba su yafe ba. Na biyu, ina da ɗan fari namiji, kuma tun da na haife shi ban taɓa kiran sunansa ba.

Ku yaran yanzu da kuke rungume ɗan fari a tsakiyar kasuwa kuna kwaɗa masa kira ba za ku gane wannan ba. Mu a zamaninmu alkunya ce. Ana yaye shi wan mijina ya ɗauke shi ya tafi da shi Kano, a can ya girma, a can ya yi karatu. Idan ya zo hutu, Yaya yake kirana, ni kuwa in amsa ina kallon bango. Da aka fara shari'a sai ya dawo gida da gemunsa da littattafansa, ya kama koyarwa a Islamiyya, aka sa shi cikin kwamitin unguwa masu wa'azi da sasanta mutane, ya yi aure, ya kama gida a bayan nawa. Ba ma zama mu yi hira, ba a yi mu haka ba. Amma kullum da yamma sai na zuba tuwo a wani kwano mai murfi an kai masa, kullum kuma da safe kwanon ya dawo wankakke. Matarsa ta iya girki, ga ta nan tana jina, ba yunwa ce ta sa yake ci ba. Wannan kwanon shi ne duk maganar da ke tsakanina da ɗana.

To, maigidana ya bar mota. Tsohuwar akori-kura ce da ya sayo ta hannu daga wajen Kongolam, da ita yake fataucin gyaɗa da hatsi. Da aka zo rabon gado babu wanda ya yi marmarinta, sai ta faɗo a kasona, na kuwa karɓa hannu biyu. Dattijuwa maigida yake kiranta. Tana da wata cuta da ta daɗe da ita. Da safe in an tashe ta lafiya lau take, muryarta sumul. Sai an yi tafiya, inji ya yi zafi, rana ta ɗaga, sannan ta fara tari. Ta fizga gaba, ta ja baya, salansa, wato bututun hayaƙinta, ta riƙa harbi tas, tas, kamar ana fasa ƙwallon goruba, ƙarfinta ya riƙa zubewa, can sai ta yi shiru. Masu gyara suna kiran abin misin. Da 'ya'ya suka girma na riƙa bin maigida kasuwannin wajen Baure, domin shi in aka bar shi sai ya sayo mini gyaɗa marar mai, don haka na san wannan tarin kamar yadda na san nasa.

Shi yana da maganinsa. Wata rana ya yagi wani tsohon jan zanena, ya buɗe bonet, ya nuna mini wani baƙin gwangwani mai ɗan tsawo da waya mai kauri a kansa, ya ce nan ne zazzaɓin yake kama ta. Ya naɗe gwangwanin da tsumman ya ɗaure. Daga ranar aikina ne, duk lokacin da ta mutu in sauka da buta, in jiƙa tsumman a hankali, kada ruwa ya taɓa wayoyin sama. Shi kuwa ya sami inuwa ya miƙe ƙafa yana yi mata kirari yana dariya: Dattijuwa uwar tafiya, mai tari ba mura ba, kin ga Baure kin ga Kongolam, sha ruwa ki tashi, ba a nan za mu kwana ba. In gwangwanin ya huce sai ta tashi kamar ba ita ba. Na sha ce masa ya canza abin nan mu huta, sai ya ce wa zai ba shi uzurin zama da matarsa a inuwa babu yara babu baƙi. Haka yake, Allah Ya jiƙansa.

Bayan rasuwarsa tsohon direbansa ya ci gaba da ja mini motar. Dattijo ne shi ma, kunnensa ɗaya ba ya ji, bakinsa kuwa ba ya hutawa. Yana tsoron gwangwanin nan kamar maciji, domin wayar ta taɓa jan shi har hularsa ta faɗi cikin inji, don haka jiƙa tsumma ya ci gaba da zama aikina. Cutar kuma ta ƙaru. Da can sai a bazara cutar take tashi, yanzu kuwa duk fita sai ta mutu. Ga shi kikinta ya lalace, in ta mutu sai an tura. Akwai wata babbar tsamiya a hanyar Baure, daidai inda tarin yake tsananta, tana da inuwa, ga gangara a gabanta da mota za ta gangara ta tashi ba tare da an tura ba. Saboda haka direba yake lallaɓa ta har mu kai nan. Kullum a nan muke tsayawa, in sauka da butata, in jiƙa jan tsumma, in yi mata kirarin maigida, tunda mai yin ya tafi.

Direba ya yi yawon gareji da ita. Na farko ya ce fulogi ne, aka canza, ta tashi a gabansa tana gurnani, ya ce an gama. Muka je tsamiya ta mutu. Na biyu ya kwance kabireta ya wanke ya hura. Muka je tsamiya ta mutu. Na uku ya ce man 'yan bumburutu ne mai ruwa, aka sauke tanki aka zubar. Wani ya goge kontak. Kowannensu da sanyin safiya yake gwada ta, a tsaye a gareji, lokacin da ba ta da ciwon komai. A nan zan faɗa muku abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Na san inda ciwon yake. Da na buɗe baki na ce a duba gwangwanin da ke cikin tsumma, da an gama tun ranar farko. Ban faɗa ba, na kuma hana direba faɗa. Ba na so a gyara. Wannan ɗan zaman na ƙarƙashin tsamiya, da butar, da kirarin, shi ne abin da ya rage mini na mutumin da na zauna da shi tun ina yarinya. Wanda yake ganin wauta ce ya jira ya binne nasa tukuna.

A lokacin mata sun fara ƙyamar cakuɗuwa da maza a motar haya, sai matan unguwa masu zuwa sarin kaya suka riƙa bina, su zauna a baya kan buhuna. To ku duba abin da idonsu yake gani. Mota tana tafiya lafiya, sai an zo gindin tsamiya ta tsaya. 'Yar 'yar bori ta sauka ta zuba ruwa a kan jan ƙyalle, ta yi kirari, mota ta tashi. Ko ɗaya cikinsu ba ta taɓa saukowa ta leƙa cikin bonet ba, ko ɗaya ba ta tambaye ni ba. A gida suka kai tambayar. Kafin wata ya zagayo labari ya yi ƙiba. Ruwan ya zama nono, daga baya ya zama jinin baƙar kaza. Aka ce da mutanen tsamiya nake magana, su ne suke sa ƙulina yake ƙarewa kafin na kowa. Matan suka janye ɗaya bayan ɗaya. Ban damu ba, na ce motar ma ta huta da nauyinsu.

Sai ranar da kwano ya dawo da nauyi. Surukata ce ta kawo shi da kanta, ta ajiye a bakin ƙofar ɗakina ta kasa ɗaga kai. Na buɗe, tuwo yana nan yadda na malmala shi, miya ta daskare a kai. Na tambaye ta ko ba shi da lafiya ne. Ta ce lafiyarsa ƙalau, sai ta fashe da kuka. Wai ya ce ba zai ƙara sa wa cikinsa abin da bai san da me aka samo shi ba. Jama'a, an zage ni a duniya, an yi mini ƙazafi, na binne miji, na binne 'ya'ya biyu, amma ban taɓa jin abin da na ji da na ɗaga murfin nan ba. Na ce mata ta tashi ta share hawayenta, gobe ta zo ta ɗauki wani. Washegari na zuba, ya dawo. Na sake zubawa, ya dawo. Ban fasa ba ko rana ɗaya. Na ce in shi yana da taurin kai, ai ya san inda ya tsotso shi.

Ana cikin haka sai ga shi da dattawan kwamiti biyu a zaure. Bai shigo ba, ni ma ban fita ba, ina bayan labule. Babbansu ya yi sallama mai tsawo, ya yi addu'a ga mamaci, sannan ya ce Hajiya, magana ce ta zo musu, kuma zamani ya canza, abin da ake kawar da kai a kansa da, yanzu ba a kawarwa. Suna so in kwance abin da na ɗaure a cikin injin, in daina tsayawa gindin tsamiya, in zo gabansu in tuba, a rufe maganar a unguwa kada ta kai gaban alƙali. Na ce a faɗa wa wanda ya taso su, alhali ina jin numfashinsa a zauren, cewa tuba kullum ina yin ta sau biyar, amma ga Wanda Ya halicce ni, ba ga maƙwabta ba. Dattijon ya ce to in dafa Alƙur'ani in rantse babu komai, shi kenan. Na ce ban taɓa dafa Littafin Allah a kan gona ko gida ba, ba zan fara a kan tsumma ba. Direba yana gefe ya yi ta rantsuwa yana bayanin zafi da gwangwani, ɗayan dattijon ya ce ai dole ya faɗi haka, a tukunyarta yake ci. Direba ya ce gaskiya ne, kuma ya fi wasu da suka ci suka ƙoshi sannan suka gano haramun ne. Aka tashi baram-baram.

Za ku ce me ya hana in kira ɗana in yi masa bayani da bakina. Na yi wa kaina wannan tambayar. Bakin da bai taɓa kiran sunansa ba, da shi zan fara yi masa magana ina kare kaina kamar ɓarauniyar da aka kama? Kuma me zan ce? In gaya wa ɗan fari cewa zanen uwarsa ne ubansa ya yaga, kuma a inuwa muke zama muna dariya? Ba a yin wannan maganar tsakanin uwa da ɗa, mu dai ba a koya mana ba. Sannan ga zuciya. Na ce mutumin da ya karanta littattafai har ya san hukuncin wanda ya yi zato ba hujja, in bai iya taka ƙafa ya leƙa cikin bonet ba, ba ni zan ja shi ba. Na ci gaba da zuwa kasuwa ni da direba kaɗai. Na ci gaba da tsayawa a tsamiya. Kirarin da nake yi a hankali sai na riƙa ɗaga murya har masu wucewa a keke su waiwayo. Amma in na dawo na tarar da kwano a bakin ƙofa, sai abinci ya ƙi shiga ni ma. Na rame har zobe yana zamewa daga yatsana.

Wata safiya a tsakiyar bazara, an tura mota ta tashi, ina shirin shiga, sai ga ɗana cikin farar riga. Bai dube ni ba, ya ce wa direba yau da shi za a tafi, zai gani da idonsa ya kuma cire da hannunsa. Na ga yana kallon kujerar gaba. Na shige na zauna na rufe ƙofa. Malam guda ya tattare riga zai hau baya kan buhuna, sai wasu mutane suka tare shi da rigimar iyakar gona. Ya tsaya sasanta su. Mu kuwa ba mu isa mu kashe mota ba, in an kashe sai an nemo masu turi. Haka ta tsaya a ƙofar gida tana ta aiki, rana tana hawa, har direba ya yi gyangyaɗi ya farka. Da muka tashi, Dattijuwa ta riga ta cinye sanyinta a tsaye.

Ko fita gari ba mu gama yi ba ta fara tari. Ta fizga, ta yi harbi, na ji kan Malam ya bugi ƙarfen baya. Direba ya lallaɓa, ya roƙa, ya zage ta, ina! Ta mutu murus a gefen filin idi, fili fetal, babu tsamiya, babu ko kargo, tsamiyar tana can gaba da nisa. Direba ya leƙa ta taga ya ce da ƙarfi, kamar yadda kurame suke magana, Malam, yau mutanen namu sun biyo mu filin idi, ko su ma sun musulunta ne. Ni dai ina zaune ina kallon gaba.

Malam ya diro, ya ɗaga bonet da kansa, ya yi bisimilla, ya kwance tsumman. Ya warware shi, ya kakkaɓe, ya juya ciki da baya, yana neman laya ko ƙulli. Babu komai sai baƙin mai da ƙura. Na ga fuskarsa ta gilashi, ya tsaya yana kallon gwangwanin, watakila ya ce a ransa to a cikin wannan aka ɓoye. Direba ya buɗe baki zai hana shi, amma ya makara. Ya damƙi gwangwanin da tafin hannunsa duka zai fizgo. Ƙarar da ya yi, ban san lokacin da na buɗe ƙofa ba. Na same shi ya durƙusa yana riƙe da wuyan hannu, tafin ya yi jawur. Na ɗauki tsumman daga ƙasa, na kama shi da haƙori na raba biyu, na jiƙa rabi da ruwan buta, na kamo hannun na naɗe. Rabon da in taɓa hannun nan tun yana ɗan ƙaramin da za a ɓoye shi cikin tafina. Yanzu ga shi ya fi nawa girma, da gashi a bayansa irin na ubansa. Ban dubi fuskarsa ba. Na sake shi, na je na naɗe gwangwani da ɗaya rabin, na jiƙa.

Babu inuwa sai ta jikin motar. Na zauna a nan, na buɗe kwanon dambun da na yi guzuri, na zuba mai da garin ƙuli, na fara ci ni kaɗai. Ban yi wa kowa tayi ba. Da na haɗiye loma ta farko sai na ɗaga murya, a gabansa, a gefen filin idi, na yi wa Dattijuwa kirarinta daga farko har ƙarshe. Na ce in kama ni za a yi, a kama ni da hujja. Ya saurara. Can ya juya ya tambayi direba, murya ƙasa-ƙasa, wannan maganar ta wace ce. Direba ya sa hannu a kunne ya sa shi maimaitawa, na san da gangan ne. Sannan ya ce ta mahaifinka ce, zanen da ke hannunka ma shi ya yaga, ni ina nan tsaye, kai kana Kano.

Ruwa yana ɗiga daga inji yana cis a ƙasa. Sai na ji motsi, inuwarsa ta matso kusa da tawa. Ya zauna a ƙasa da farar rigarsa. Na ga hannu naɗe da jan tsumma ya miƙo, ya tsaya a saman kwanon bai shiga ba. Ya ce, Yaya, ba a sammini? Na tura kwanon gabansa ina kallon filin idi. Da kan yatsu ya ci, yana cije baki saboda zafi, bai tsaya ba sai da ya ga gindin kwanon. Da gwangwani ya huce, shi ya sa kafaɗa ya tura mu shi kaɗai, ta kuwa tashi a turin farko. Muka wuce tsamiya ranar ba mu tsaya ba, ta riga ta sha ruwanta.

Shi da kansa ya kai ta wurin wani mai riwaya, wato mai gyaran wutar mota, ya ce kada a gwada ta da sanyi, a shiga a yi tafiya har ta mutu. Haka aka yi. Mutumin ya nuna musu wutar da wayar take tofarwa. In da sanyi, shuɗiya ce mai ƙarfi har tana ƙara. In gwangwanin ya yi zafi sai ta koma siririya ja-ja, wani lokaci ta zo wani lokaci ta ƙi, shi ne tarin nan da harbin. A ranar na ji sunan abin da na yi shekara da shekaru ina yi wa wanka, wai kwail. Ya ce man da ke cikinsa ya tsiyaye, kuma akwai wani ɗan farin dutse da yake rage masa ƙarfin wuta, an cire shi tuntuni an haɗa waya kai tsaye, shi ya sa yake dafuwa. Na san aikin wane ne, maigidana ba ya kai abin da hannunsa zai iya murɗawa wurin wani. Aka sa sabo, aka mayar da dutsen. Tari ya ɗauke kamar an yanka.

Fitar farko bayan gyara, na ga tsamiya tana tahowa, mota ko gezau. Na ce wa direba ya tsaya. Ya ce Hajiya ai lafiyarta ƙalau. Na ce na sani, ni ce nake jin ƙishirwa. Tun daga ranar har motar ta tsufa aka sayar da ita ga masu gwangwan, duk fita sai na sa an tsaya a nan na sha ruwa, wanda zai yi magana ya yi. Ɗana ya je ya warware maganar a gaban kwamiti, ni ban taka ba. Matan da suka gudu suka fara dawowa da gaisuwa, na ce babu laifi, amma duk wadda za ta hau sai ta fara leƙa cikin bonet ta gaya mini abin da ta gani. Sun leƙa kuwa, ɗaya bayan ɗaya, da mayafansu.

Surukata ta tambaye ni ko in ce na yi nadama, wai haka ake rufe irin wannan wasiƙa. To a rubuta daidai. Ban yi nadamar ƙin rantsuwa ba, ban yi nadamar ƙin zuwa gaban kwamiti ba, ko yau aka sake haka zan yi. Wanda bai yi laifi ba ya tuba don a bar shi ya sarara, ya ba maƙaryata shaida ne da bakinsa. Abin da yake ci mini rai ɗaya ne, na bar ɗana ya girma bai san muryar ubansa a lokacin wasa ba, bai san tawa ba ko kaɗan, har maganar 'yan unguwa ta fi saurin isa kunnensa fiye da ta uwar da ke bayan katangarsa. Ku iyaye mata masu riƙon alkunya, ku riƙe, ado ce, amma ku bar wata 'yar ƙofa da ɗa zai iya shigowa da tambaya. Ku kuma masu ilimi, Allah Ya ƙara muku, in kun ga tsohuwa da buta a gindin itace, ku taka ku je ku duba kafin ku ɗaga murya, ba kowa ne zai yi sa'ar tsira da ƙunar hannu kawai ba. Masu tsofaffin motoci, in tana lafiya da sanyi tana tari da zafi, ku sa mai gyara ya bi ku har inda take mutuwa, a duba wutarta a lokacin, kuma kada ku kwaikwayi tsummana, ruwa da wayar wuta ba abokan juna ba ne, Allah ne dai Ya kiyaye ni.

Har yau ban kira sunansa ba, har yau Yaya yake ce mini, gemunsa ya yi furfura. Rabin tsumman yana cikin adakata, ɗaya rabin matarsa ta ce yana wurinsa, ban tambaye shi ba. Yanzu ƙarfina ya ƙare, jikoki ke tuƙa tuwon, amma miya ni nake kaɗawa da hannuna. Muna cikin wannan rubutu aka shigo da kwanon jiya. Na sa an ɗaga murfin a gabana, don har gobe sai na duba. Wankakke ne.